Juyo, Lorna

Doreen Hepworth ta ajiye kofin shayi da hannun hagu, ta ce wa jikarta Keeley a sa kowace waƙa a bikin aurenta, amma ban da waccan. In za a sa ta, to a nemi wani ya raka amarya cikin coci.

Keeley ta yi dariya, ta zaci wasa ne. A garinmu ba a watsewa daga biki ba a sa “Juyo, Lorna” ba, balle bikin jikar marigayi Lenny Hepworth, mutumin da ya rera ta. Amma da ta dubi fuskar tsohuwar da ta rene ta tun tana zanen goyo, sai dariyar ta koma ciki.

Waƙar ta fito a faifan garmaho tun zamanin da jiragen kamun kifi ke cika tasharmu. A wani ɗaki bayan shagon gyaran rediyo aka ɗauke ta, sau ɗaya, babu maimaici. Kafin rani ya fita ta gama ƙasa. Baitocin shirme ne, saurayi na roƙon budurwa ta waiwayo. Abin da ya sayar da ita yana tsakiya: piyano na gudu kamar zai tsere wa mawaƙin, sai a ji bugu ɗaya mai nauyi, sai ihun mace, sai piyanon ya ɗauke ɗif, kiɗan jita ya ƙarasa waƙar.

Masana kiɗa sun cika shafuka a kan wannan gaɓar. Shi kuwa Lenny, duk sanda aka tambaye shi wace ce ta kaɗa piyanon, sai ya kashe ido ɗaya ya ce wata yarinya ce mai rawar kai, ta ɗauka waƙar tata ce, ya ma manta sunanta.

Mu kuma, da yake ba mu da aikin yi, muka mayar da abin al'ada. In waƙar ta zo wurin, maza su daki tebur, mata su ƙwalla ihu. Ana yi a mashaya, ana yi a filin ƙwallo, an sa shi a tallan soyayyen dankali. Ranar jana'izar Lenny ma sai da wasu ƙattai masu warin giya suka daki bencin coci. Na ga wannan da idona. An kafa wa Lenny gunki a bakin teku, tsuntsaye na ta yi masa kashi a ka, Doreen ta ce su kaɗai ne masu hankali a garin.

Mutane sun ce girman kai ne ke damunta, matar tauraro guda amma ba ta taɓa ko gyaɗa kai ga waƙar mijinta ba. Wasu sun yi mata uzuri da hannunta na dama, wanda yatsunsa uku suka karkace kamar saiwar citta. Injin masana'antar kifi ne ya kama ta tana budurwa, haka Lenny ya faɗa, kuma ba wanda ya ga dalilin tambayarta. Ita dai mace ce mai dokoki. Piyanon falonta ma a kulle yake, da tukwanen fure a kai. Ranar da Keeley tana ƙarama ta sami mabuɗin ta ɗaga murfin, tsohuwar ta fizge ta kamar ta taɓa wuta.

Keeley ta yi alkawari ba za a sa ba. Ta ja wa mai kiɗa kunne, ta ja wa ango.

Doreen ta raka ta cikin coci a hankali, tana dogara sanda. A wurin liyafa aka zaunar da ita tsakanin dogon tebur da bango, wurin manyan baƙi, inda fita sai an tashi mutum goma. Aka ci, aka sha. Da giya ta fara aiki, kawunnan ango suka soma kiran sunan Lorna suna bubbuga ƙafa. Wani mai tumbi, da miya a gemu, ya rataya hannu a wuyan mai kiɗa ya ce wace irin rowa ce wannan, a bikin jinin Lenny. Keeley ta dubi kakarta, ta dubi taron, ta ɗaga kafaɗa tana murmushin ban haƙuri.

Piyano ya fara gudu. Doreen ta lalubi sandarta, ta tarar wani ya rataya rigarsa a kai. Maza suka ɗaga hannuwa sama suna jira, baki buɗe, fuska na maiƙo. Bugun ya zo, kofuna suka yi tsalle, mata suka ƙwalla. Muryar amarya ta fi ta kowa, har aka yi mata tafi, aka ce sak ta cikin faifan.

Keeley ta zo tana haki, ta durƙusa gefen kujerar kakarta.

“Kaka, yi haƙuri, kin ga dai yadda suka matsa. Amma don Allah, ko sau ɗaya a rayuwarki ki yi ihun nan mana. Me zai ci ki?”

Doreen ta ɗora hannun dama a kan farin mayafin tebur, a fili, inda kowa zai gani.

“Na yi nawa, 'yar nan, shi kuka gama kwaikwaya yanzu. Bugun da kuke dukan tebur dominsa kuma ba ganga ba ce, murfin piyano ne kakanki ya rufe a kan yatsuna.”