Yatsan Baba a Jikin Tulu

Kakata maginiyar tukwane ce a Randagi, kuma ba ta barin tabo a jikin aikinta. Ko ƙuda ne ya sauka, sai ta shafe wurin.

Wata rana da la'asar Baba ya shigo, babban yatsansa baƙi ƙirin da tawada. An sa shi ya dangwala a takardar ɗiban gwamna, wato aikin tilas, za a kwashe su zuwa haƙar kuza a Jos. Ya durƙusa zai gaishe ta, ya dafa ɗanyen tulun da take ginawa, yatsan ya lotsa yumɓun.

Na jiƙa hannu zan shafe, yadda ta koya mini. Ta cafke hannuna har na ji zafi.

"Bar shi," ta ce, ko kallon Baba ba ta yi ba.

Tulun yana ɗakina har yau. Fuskar Baba ta ɓace mini, amma na san girman yatsansa.