Kifina Ya Ƙi Barin Gurbi

Mu da kanmu muka yi gayya muka sare ciyawar kacalar da ta shaƙe kogin garinmu, don kifin nan ragon ruwa ya dawo. Da ya dawo, sai hukuma ta kawo doka: a haɗa kowane mutum da kifi guda, zobe a jelar kifin, awarwaro a hannun mutum. Iyakar inda kifinka ya kai, nan ne iyakar tafiyarka. Wai don mu riƙa tausayinsu.

Yau da hantsi aka aiko cewa jikin Inna ya tsananta a gidan yayata, can gangaren kogi. Kifina kuwa tun kaka bai bar gurbin mashaya ba. Na shiga ruwa ina buga gora, ko zai tsorata ya gangara.

Kawu Barau, wanda ya ja mu gayyar, ya tsaya a gaɓa.

"Kai Ɗanliti, ina zai je? Kai ka jera masa duwatsu, kai ka dasa masa inuwa. Ko ni aka yi wa wannan gata ba na tashi."

"To in rushe, Kawu?"

"Ƙwai ne a ƙarƙashinsu, ɗana."

Na dafa dutsen, awarwaron yana bugawa a hankali, daidai da numfashin kifin. Na janye hannuna, na bar dutsen a wurinsa.

"Kawu, ina naka yake?"

"Ya gangara tun jiya."

"To ka je. Ka ce wa Inna ina hanya."