Jijiyar Ƙafar Alhaji

Alhaji dillalin shanu ya naɗe wando a gaban mahautan Agege, yana nuna tabon aikin da aka yi masa a Ingila.

"Nan suka ciro jijiya suka ɗinka mini a zuciya. Likita ya ja ta ya gwada, ya ce sumul take, ba ta taɓa wahala ba."

Yayansa da ke zaune a gefe ya miƙe.

"Ina za ta wahala? Shekara ashirin ina koro maka shanu da ƙafa daga Arewa!"

Ya yaye nasa wandon. Jijiyoyin sun kumbura, sun cukuikuye kamar tsohuwar igiya.

"Ni ma irin ciwon zuciyarka nake fama da shi. Likita ya duba ƙafafun nan, ya ce babu abin cira."