Ɗakin Inna Mai Ruwan Toka

Ƙawata, matso ki ji wani misali. Wani mutum ne ya ɗauko mahaifiyarsa daga ƙauye bayan ta fita takaba, ya ware mata ɗaki a gidansa, ya sa aka shafe bangon da fenti ruwan toka mai duhu, irin wanda ake yayi, wai ba ya nuna datti. Tsohuwar da ta saba da ɗakin farar ƙasa ta shiga, ta yi godiya, ta sa albarka. Daga nan sai ta fara dusashewa. Tuwo ya shiga, ya fito yadda ya shiga. Hira ta ɗauke, carbi ma a kwance take ja, ido a rufe. Ɗan ya kai ta asibiti, ya jido magunguna, amma kullum wuyanta ƙara tsawo yake.

Matarsa kuwa, Allah Ya yi mata albarka, ba mai yawan magana ba ce, sai dai akwai lura. Ita ta gane cewa duk ranar da ta shiga da zanenta ruwan ɗorawa, tsohuwa kan buɗe ido ta bi ta da kallo, fuskar ta saki, har ta ƙara loma. Ran da ta ɗaura mai duhu kuwa, ko ɗagowa ba ta yi. Da azumi ya gabato, lokacin da kowa ke gyaran gida, sai ta roƙi maigidan ya bar mata zaɓin fentin ɗakin Inna. Aka shafa ruwan ɗorawa mai haske, kamar an sirka shi da madara. Da ɗakin ya sha iska aka mayar da tsohuwa, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "'Yar nan, yaushe kuka fasa taga?" Alhali tagar nan guda ce, tana inda take. Washegari da kanta ta nemi ɗumame, har da ƙorafin yaji ya yi kaɗan.

Sauƙi na Allah ne, amma Yakan ajiye sanadi inda ba a zata ba. Har yau ɗan yana yabon maganinsa, matar kuma ba ta taɓa tanka masa ba, don haka ke ma ki bar zancen a cikinki, kada ya je kunnen kowa. Hausawa dai sun gama magana: labarin zuciya, a tambayi fuska.