Ƙwan Lantana

Tun da iskar garin ta lalace, duk macen da ta samu ciki sai a ba ta ƙwai mai ɗan tsako, ta ɗaura a jikinta. Abin da ta shaƙa, shi ma shi yake shaƙa. In jijiyoyin jininsa suka riƙe, na jaririn ma za su riƙe.

Inna Tabawa ce mai duba ƙwan matan unguwa. Da hantsi 'yarta Lantana ta shigo, ta kwance bakin zane, ta miƙo nata da ɗuminsa. Cikinta na uku ke nan, ba ta taɓa goyo ba.

Tabawa ta kara shi a jikin fitila. Maimakon siraran jijiyoyi kamar saƙar gizo-gizo, sai ta ga jinin ya tsiyaye ya bi ko'ina, ƙwan ya yi jajir.

"Fitilar nan ta gaji," in ji ta. "Ki dawo gobe."

"Inna, ai na ɗaga shi a rana kafin in fito."

Tabawa ta kasa ɗago kai.

"Ba ni abina," in ji Lantana. "Kar ya yi sanyi."