Ƙafafun Motar Tahiru

Magagi ya ɗora tafin ƙafarsa a kan tayar gaba, ya danna, ya ja da baya yana girgiza kai.

"Wagga ba ta rairayi ba ce," ya ce wa Tahiru. "Siririya ce. Yanka ƙasa take yi kamar wuƙa."

Tahiru bai musa ba, don jiya-jiya motar ta kunyata shi. Tsohon soja ne, a soja ya koyi tuƙi, da ya dawo Filinge ya sayi tsohuwar a-kori-kura da kumandan gari ya gaji da ita, irin wadda ƙafafunta huɗu duka ke ja. Likitan gari ya ba shi aikin kai akwatin maganin lamba, wato rigakafi, Abala da Sanam, aikin da Issa mai raƙumi ya shekara bakwai yana yi. Fitarsa ta farko ya kafe a rairayi kafin Abala, maganin ya sha rana ya lalace. Likita ya faɗa masa a gaban mutane: an yafe wannan, za a yafe na biyu da na uku, daga nan kuwa akwati ya koma bayan raƙumi.

Ana cikin haka Allah ya jefo Magagi. Mutumin Damana ne, bai daɗe da dawowa daga Kumashi ba, inda ya ce ya yi shekara goma ba abin da yake taɓawa sai taya. Hannuwansa kuwa sun shaida, baƙi ƙirin, duk kanta da tabon yanka. Ba ya kallon mutum a fuska idan yana magana, kansa kullum a ƙasa, Tahiru ya ɗauka tsabar ladabi ne.

Shawararsa: a cire masu lamba bakwai da rabi, a sa masu lamba tara, masu faɗi. Tahiru ya sayar da bijimin gida, ya aika Yamai aka kawo. Magagi bai karɓi ko goro ba. Tsofaffin tayoyin ma shi ya ɗora wa jakinsa, wai kada su tare wa Haske, matar Tahiru, tsakar gida.

To, masu faɗin nan sun yi kyau a tsaye! Amma da mota ta ɗauki kaya ta faɗa gargada, sai suka riƙa gogar jikinta, ƙauri na tashi. A kwanar farko bayan gari ta dama ta fashe, ta hagu ta bi ta kafin azahar. Yafiya ɗaya ta rage bayan wannan, in an ƙirga yadda likita ke ƙirgawa, kuma likita ba ya mantuwa.

Haske ta ce, "Maigida, mutumin ga ko sau ɗaya ka ga ya leƙa ƙarƙashin motar?"

Tahiru ya harare ta. Ita me ta sani game da mota?

Ranar kasuwa Magagi ya dawo, ya zagaya, ya shafa kaurin roba da babban yatsa, ya yi tsaki. Laifin janti ne, ya ce, wato ƙarfen da taya ke zama a kai. Mai lamba sha shida ya yi girma, a koma sha biyar da gajerun tayoyi, ba za su ƙara taɓa jiki ba. Rabin geron rumbu ya tafi. Gaskiya ne ba su taɓa jiki ba. Cikin motar ne ya zauna daram a kan tudun rairayi, ƙafafu huɗu na juyawa a banza, mutanen ƙauye suka taru suna kallo, wata tsohuwa har da ba shi fura don tausayi. Haushi kamar ya kashe Tahiru.

Likita ya kira shi. Bai ɗaga murya ba, kuma hakan ya fi ciwo. Cutar agana ta ɓulla a Sanam, ya ce, jibi magani ya isa ko ta halin ƙaƙa, kuma wannan ce ta ƙarshe.

Ba bijimi, ba gero, ba lokacin aikawa Yamai. Magagi ya ce abu mai sauƙi: a karɓo dogaye biyu daga garejin kumanda a sa a baya, a bar gajeru a gaba. Zuciyar Tahiru ta ɗan yi masa wasiwasi, don a soja bai taɓa ganin haka ba, amma ina zai sa kansa? Jakin Magagi ya sake tafiya da kaya.

A kan ƙasa mai tauri lafiya lau. Da ya shiga rairayi ya jefa giyar ƙafa huɗu, sai gaba da baya suka fara jayayya, kowanne da saurinsa. Motar ta yi gurnani, ta yi tsalle, wani abu ya ce ƙas a ƙarƙashi, mai ya tsiyayo. Shi ke nan. Sanam na can, rabin wuni a gaba.

Yana zaune a inuwar motar Issa ya iso, ashe likita ya sa shi ya biyo baya. Ya durƙusar da raƙumi, ya yi sallama, ya ɗauki akwatin. Tahiru ya kasa ɗaga kai don kunya. Sai idonsa ya faɗa kan sawun Issa a rairayi. Zanen taya ne, gutsure-gutsure, dama da hagu, zanen tsofaffin tayoyinsa da ya sha zaunawa yana cire wa ƙaya.

"Malam Issa, ina ka samo takalman ga?"

Issa ya ɗaga ƙafa ya duba, ya yi murmushi.

"Kasuwar Damana. Kowa su yake sa wa bana, ba su cinyewa. Wurin Magagi baduku."