Agogon da Ke Bin Ranar Wani Gari

Farkon labarin nan ya kuɓuce mini, ɗan'uwa. Na manta wanda ya ba ni shi, da garin da abin ya faru, amma tsakiyarsa tana nan. Wani attajiri ne, mai fataucin ƙiraga ko gyaɗa, ɗaya dai daga ciki, tun kafin zuwan wayar hannu. Ya sayi ƙaramin jirgin sama mai farfela ɗaya, ya ɗauki matuƙi aiki. Sai ya ga bai dace mai jirgi ya ɗaura agogon kowa da kowa ba. Ya nemo wani tsohon agogo mai baƙar fuska, na matuƙin jirgin yaƙi, cikin waɗanda suka riƙa ya da zango a Kano zamanin yaƙin Hitila. Dattijon da ya sayar masa ya ce kullum da safe ana wana shi, kuma ba a taɓa kauce wa lokacin da mai shi na farko ya bari a kai ba.

Ranar da attajiri ya fara ɗaura shi aka aiko cewa gyatumarsa tana kwance a ƙauye, tana ta kiran sunansa. Matuƙi ya ce zai shirya jirgi, su tashi ƙarfe huɗu, domin filin ƙauyen fage ne kawai babu fitila. In rana ta faɗi, ba sauka. Attajiri ya tsaya haɗa magani da tsaraba. Aka kira la'asar, ya duba hannu ya ga ƙarfe uku, ya ce yau ladan ya yi gaggawa. Inuwar katanga ta miƙe har bakin zaure, ya dube ta, ya dubi agogo, kansa ya ɗaure, amma ya gaskata agogo. Ya iso fili yana cewa, "Ga ni, huɗu cif." Matuƙi ya ce, "Ranka ya daɗe, biyar ta yi." Suka kara agogunansu a kunne, kowanne yana bugawa lafiya lau. Attajiri ya matsa sai an tafi, suka tashi. Sun kai ana magariba. Suka yi ta kewaya ƙauyen, yana hango wutar murhu gida-gida, bai san wacce ce ta gidansu ba, fagen kuwa ya saje da gonaki. Man jirgi ya ja baya, suka juyo. Da safe ya bi mota, ya tarar ana dawowa daga maƙabarta.

Na daɗe ban gane wanda ya yi kuskure ba. Daga baya na tambayi wani tsohon matuƙi, ya tabbatar mini cewa matuƙa duk duniya lokaci ɗaya suke bi a sama, na wani gari a Ingila, namu kuwa ya riga shi da awa guda. Ashe agogon bai yi ƙarya ba, ranar wani gari yake bi. Shi ya sa Hausawa suka ce, rashin sani ya fi dare duhu.